Kun Matsar da Fayil? Ku Tabbata Ya Shiga Ajiya

Manhajar ajiya mai kwafe sabon canji kaɗai, lokaci take dubawa: wane fayil aka taɓa tun ajiyar baya? A Linux, fayil yana da lokacin da aka gyara abin cikinsa, da lokacin da aka sauya bayanansa, kamar suna ko izini. In kun matsar da tsohon furojet zuwa wata folda a kan faifai ɗaya, na biyun ne ke canzawa, na farko yana nan daram. Manhajar da ke duba na farko kawai sai ta tsallake shi. In kuwa folda sukutum kuka matsar, fayilolin ciki ba lokacinsu ko ɗaya da zai motsa. Don haka da kun sake tsarin foldoji, ku kwafe komai daga farko, kar kwamfuta ta mutu ana gobe difens.