Masu Karɓar Baƙin Teku

Manomin rake a Maƙarfi ko mai lambun tumatir a Ikara zai iya ƙare rayuwarsa bai taɓa ganin teku ba, amma teku na cikin gonarsa. Sinadarin fosfet da ake haɗa takin zamani da shi daga Maroko yake zuwa. Babur ɗin da ke kai shi kasuwa daga Indiya aka ɗauko shi. Alkamar burodin da mai shayi ke yankawa a Hunƙuyi, mafi yawanta ta jirgin ruwa ta shigo. Fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan da ƙasashe ke sayar wa juna ta ruwa suke tafiya, kuma mutanen da ke tuƙa jiragen nan sun kai kusan miliyan 1.9, da yawansu daga Filifin, Rasha, Indunusiya, Sin da Indiya. Muna cin moriyarsu kullum, ba mu san ko fuskar ɗaya daga cikinsu ba.

Aikinsu ba abin sha'awa ba ne kamar yadda ake zato. Mutum kan sa hannu a kwantiragin wata shida zuwa tara, wani lokacin har ya kusa shekara. Katafaren jirgin da ya fi filin ƙwallo biyu tsawo, ma'aikatansa ba su wuce ashirin da 'yan kai ba, kowa da harshensa, kowa da irin abincin da ya saba. A da jirgi kan kwana da yawa a tasha ana sauke kaya, ma'aikata su shiga gari su sha iska. Zuwan kwantena ya rage wannan zama zuwa sa'o'i a manyan tashoshi. Ga dokokin tsaro da na shige da fice. Sai mutum ya iso Apapa, yana hango hasken Legas, ya koma bai taka ƙasa ba.

A wannan giɓin ne wasu ƙungiyoyin Kirista suka yi kusan shekara ɗari biyu suna aiki. A 1835 wani malamin cocin Angilikan mai suna John Ashley ya lura da ɗimbin jiragen da ke tsaye a mashigin Bristol na Ingila suna jiran iska, babu wanda ke leƙa mutanen cikinsu. Ya shiga ziyartarsu da ƙaramin jirgi. Daga irin wannan aiki aka kafa ƙungiya a 1856, wadda tun 2000 ake kira Mission to Seafarers, tana kuma aiki a tashoshi kusan 200 a ƙasashe 50. Kafin ita akwai Sailors' Society da aka kafa a Landan a 1818. Ta Katolika, Stella Maris, a Glasgow ta fara a 1920. Legas na cikin wuraren da aikin ya kai.

Me suke yi? Wanda ya ji "aikin coci" zai ɗauka wa'azi ne. Wa'azin shi ne mafi ƙanƙanta. Malamin coci ko ɗan sa-kai kan hau jirgi da layin waya da kati, domin abin da baƙo ya fi buƙata shi ne ya ji muryar matarsa da 'ya'yansa. Suna da mota mai ɗaukar ma'aikata daga bakin jirgi zuwa kanti ko asibiti kyauta. Suna da masauki kusa da tasha inda akwai intanet da wurin hutawa da ɗakin addu'a. Idan jirgi ya tashi ya bar wani a gadon asibiti, su ne masu dubiya. Idan an tsare wani, su ke kai masa ziyara su sanar da iyalinsa. Mafi yawan lokaci kuwa zama kawai suke yi su saurara, don mutumin da ya yi wata biyar ba shi da wanda zai faɗa wa damuwarsa ba ya buƙatar dogon bayani.

Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba. Fataken goro da suka riƙa zuwa Gwanja sun dogara ne ga mai masauki a zango, wanda zai ba su ɗaki, ya nuna musu gari, ya tsaya musu idan rigima ta taso. Bambancin shi ne mai masauki yana da la'adarsa, waɗannan kuwa da gudummawar jama'a suke gudana.

Inda amfaninsu ya fi fitowa shi ne lokacin da mai jirgi ya yi watsi da ma'aikatansa. Bashi ya ci kamfani, sai ya daina biyan albashi, ya daina aiko da abinci da mai, ya kashe waya. Ma'aikatan ba za su iya sauka ba, wasu don ba su da takardar shiga ƙasa, wasu don tsoron idan suka bar jirgin haƙƙinsu ya bi ruwa. Jirgin dakon mai na MT Iba ya tsaya haka a gaɓar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tun 2017, har igiyar ruwa ta jefo shi bakin Umm Al Quwain a Janairun 2021 da mutum biyar a ciki. Mission to Seafarers na cikin waɗanda suka riƙa kai musu abinci, ta kuma shiga tsakani har aka sasanta kan albashinsu. A lokacin korona, wajen ma'aikata 400,000 suka maƙale a teku bayan wa'adinsu ya ƙare. A shekarar 2020 kuma, cikin ma'aikata 135 da aka yi garkuwa da su a tekunan duniya, 130 a mashigin Gini aka ɗauke su, wato a ƙofar gidanmu. Mutanen arewacin Kaduna ba sai an yi musu bayanin halin da iyalin wanda aka sace ke shiga ba.

Akwai tambayar da mai karatu Musulmi zai yi, kuma ba laifi ba ne ya yi ta: ba dabara ba ce ta janye mutane daga addininsu? Ƙungiyoyin ba sa ɓoye cewa imaninsu ne ya kawo su. Sai dai haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta ICMA, wadda aka kafa a Rotterdam a 1969, tana da ƙa'idar hidima ga kowa ba tare da duba addini ko ƙasa ba, da kuma girmama abin da mutum ya yi imani da shi. Dole ma haka ta kasance, tunda dubban ma'aikatan Musulmi ne daga Indunusiya, Bangaladash, Turkiyya da Masar. A ganina abin tambaya ya fi zama a gida: direbobinmu da yaran mota da ke kwana da kwanaki a layin Apapa da Tin Can, wa ke leƙa su?

Batun zai ƙara matsowa kusa. Tun Janairun 2018 Kaduna ke da tashar tsandauri a Kakuri, Zariya na da cibiyar koyar da fasahar sufuri ta NITT, matasan Arewa kuma na neman gurbi a makarantar aikin jiragen ruwa da ke Oron. Duk iyayen da ɗansu zai shiga wannan sana'a su san da yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006, wadda Najeriya ta amince da ita a 2013. Ta ba ma'aikaci haƙƙin riƙe kwafin kwantiraginsa, da albashi kowane wata, da mayar da shi gida a kuɗin kamfani kafin ya cika wata 12 a jirgi. Idan aka yi wata biyu ba a biya shi ba, a doka an yi watsi da shi. Tun 2017 kuma wajibi ne a liƙa takardar inshora a wurin da kowa zai gani a cikin jirgi, mai ɗauke da sunan wanda zai biya albashin har na wata huɗu da kuɗin komawa gida. Ranar da yaro ya hau jirgi, ya nemi wannan takarda ya ɗauki hotonta, ya turo wa na gida.