Ko Kun Sani? Tambuwal da Kebbe

Ko kun san cewa a jihar Sakkwato, ƙaramar hukumar Kebbe ta fi ta Tambuwal faɗin ƙasa, amma Tambuwal ta kusa ninka ta a yawan jama'a? Ƙidayar 2006 ta nuna Tambuwal na da mutum sama da 220,000 a murabba'in kilomita 1,717, ita kuwa Kebbe kusan 125,000 a murabba'in kilomita 2,618. Wato a lokacin, a kowane murabba'in kilomita ɗaya Tambuwal na da wajen mutum 130, Kebbe ba ta kai 50 ba.

Babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega ta ratsa Tambuwal, garin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna. Kebbe kuwa tana can ƙarshen kudancin jihar, kan iyakar jihohin Kabi da Zamfara, ƙauyukanta a warwatse. Kai musu asibiti da makaranta ya fi wuya, kuma ya kamata masu rabon kuɗi su riƙa tunawa da hakan.

Duka biyun suna cikin ƙananan hukumomi 23 na jihar Sakkwato, kujerarsu ɗaya a Majalisar Wakilai. Daga wannan kujerar ce Aminu Waziri Tambuwal ya zama Kakakin Majalisa a 2011.