Raƙumi da Barewa: Nazari Kan Sunayen Dabbobi a Hausa

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta kwatanta yadda Hausa ke raɗa wa raƙumi suna da yadda take raɗa wa ƙananan namun dawa irin su barewa da gada. An ɗauki misalai daga ƙasar Bauchi, wadda gandun dajin Yankari yake cikinta.

2.0 Raƙumi

Raƙumi baƙo ne da ya shigo ƙasar Hausa ta hanyar ayarin hamada, kuma masana sun nuna cewa sunansa ma aro ne daga harsunan Berber, dangin harshen Buzaye. Da yake dabbar gida ce mai daraja a fatauci, sai harshe ya bi shi da kalmomi gwargwadon jinsi da girma. Tamatar ita ce taguwa, ƙasaitaccen namijin kuwa amale. Har ma an ari sunan aka ba wata dabba mai dogon wuya, wato raƙumin dawa.

3.0 Barewa da Danginta

A nan lamarin ya sha bamban. Maharbi bai damu da jinsi ba, iri yake dubawa. Saboda haka kowace dabba da sunanta: barewa, gada, batsiya, mazo, kanki, gwanki. Barewa da gada suna ɗaukar jinsin mace a nahawu, in ana nufin namiji sai a ce namijin barewa. Wannan ya sa karin magana ke cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Matsalar tana wajen fassara. An saba fassara kalmar deer ta Ingilishi da barewa, alhali babu wannan dabba a dazukan Nijeriya. Ƙahonta mai rassa ne, yakan faɗi kowace shekara wani ya tsiro. Na barewa ba shi da rassa, kuma ba ya faɗuwa.

4.0 Kammalawa

An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe wa masu yawon buɗe ido a 1962, kuma a can ne har yau ake iya ganin mazo da kanki da gwanki. Yaron da ya tashi a birnin Bauchi kuwa ya fi sanin raƙumi, sauran duka barewa yake kiran su. Wajibi ne masu tsara ƙamus su tuntuɓi tsofaffin maharba su tantance waɗannan sunaye, domin sunan dabbar da aka daina gani ba ya daɗewa a baka.