Bi, Fafara ko Kora? Bambancin Follow, Pursue da Chase ga Mai Wa'azi

Gabatarwa

Ɗan'uwa, ka ɗauka baƙon mai wa'azi ya zo ikilisiyarku a Jega ranar Lahadi, ba ya jin Hausa, aka ce kai ne tafinta. Yana cikin magana sai ya ce: we must chase after peace. Kai kuwa tun kana firamare ka san chase da ma'anar kora, sai ka ɗaga murya ka ce, "Dole mu kori salama!" Baƙo ya ci gaba, bai san an yi ɓarna ba. Waɗanda ba sa jin Turanci kuma suka koma gida da akasin abin da aka faɗa.

Yawancin littattafan sharhi da muke karantawa a makaranta da Turanci aka rubuta su, amma da Hausa muke wa'azi. Kalmarmu "bi" tana da faɗi. Almajiri yana bin malaminsa, kare yana bin zomo, mai kaya yana bin mutum bashi, duk "bi" ce. Turanci kuwa ya raba waɗannan. Kafin ka juya irin wannan kalma, ka yi tambaya biyu: wa ke zaɓen hanya, na gaba ko na baya? Kuma me na bayan yake so: ya kasance tare da na gaba, ya cim masa, ko ya rabu da shi?

Follow: na gaba ne mai hanya

Motocin albasa sun tashi daga Aliero za su kudu. Sabon direba bai san hanya ba, sai ya sa motarsa a bayan ta tsohon hannu. Suka ratsa Jega, suka wuce Maiyama, suka nufi Koko da Yawuri. In na gaba ya rage gudu, shi ma ya rage. In ya tsaya shan mai, ya tsaya. Ba ya neman ya kama shi, ba ya neman ya wuce shi. Wannan shi ne follow. Babu gaggawa a cikinta, babu gaba. Na baya ya miƙa wa na gaba zaɓen hanya da saurin tafiya.

Pursue: na baya ne mai niyya

Manomi ya ba dillali buhunan albasa, wa'adi ya cika, kuɗi bai zo ba. Ya je gidansa, ba ya nan. Ya bi shi kasuwa, ya aika masa, ya kai magana gaban sarkin kasuwa, wata biyu bai gaji ba. Wannan shi ne pursue. Akwai abin da ake so a cim ma, akwai naci, kuma ana iya daɗewa. Ba lalle sai da gudun ƙafa ba, shi ya sa ake amfani da ita ga neman ilimi, adalci ko zaman lafiya. A Hausa mukan ce nace wa, dukufa, neman abu ruwa a jallo. In kuwa magabci ne a baya, sai mu ce fafara.

Chase: gudu, kuma fuska biyu

Chase ta fi zafi, ta fi gajarta. An yi ihun ɓarawo a kasuwa, samari sun runtuma a bayansa: wannan chase after ce, ana so a kama. Yara a fadamar gulbin Zamfara suna kaɗa gwangwani don jan-baki ya tashi daga shinkafa: wannan chase away ce, ba wanda ke son ya kama tsuntsun, so ake ya tafi. Ƙaramar kalmar da ta biyo baya ce ke juya ma'ana, kuma nan ne tafintanmu ya zame. After nema ce, away da out kora ce.

Akwai 'yan'uwansu da ba sa ba da wahala: hunt farauta ce, track da trail bin sawu ne kamar yadda ake bin sawun saniyar da ta ɓata, stalk kuwa sanɗa ce.

Abin da ke ƙarƙashin Turancin

Turanci ba shi ne harshen asali na Littafi Mai Tsarki ba, don haka sai mu leƙa bayansa. A Sabon Alkawari kalmomin Helenanci biyu ne suka fi shafar darasinmu. Ta farko akoloutheo, wadda aka yi amfani da ita sa'ad da Yesu ya kira masunta a Markus 1 da Lawi a Markus 2. Ita ce kuma a Yahaya 10, inda makiyayi yake gaba tumaki suna biye don sun san muryarsa. Duk wanda ya ga Bafulatani ya yi kira shanu suka jeru a bayansa ya ga wannan hoton. Ya bambanta da mai kora dabbobi zuwa kara da sanda daga baya.

Ta biyu dioko, wadda ke nufin bin abu da ƙarfi don a cim masa. Abin mamaki shi ne, ita ce kalmar tsanantawa, ita ce kuma kalmar nace wa abin kirki. A Filibiyawa 3:6 Bulus ya yi amfani da ita ga yadda ya tsananta wa ikilisiya. A aya 12 da 14 ya sake amfani da ita ga yadda yake nace wa kaiwa ga manufa. Ƙwazon bai mutu ba, alƙiblarsa ce ta juya. Haka a Romawa 12:13 da 14: kalmar da ta ce a himmantu ga karɓar baƙi ita ce a aya ta gaba take kwatanta masu tsananta wa masu bi. Mai karanta Turanci kaɗai ba zai ga wannan ba, domin an juya su da kalmomi dabam dabam.

Sai mu yi hankali da juyin King James na 1611, wanda da yawa cikinmu muka tashi da shi. A 1 Timoti 6:11 ya sa follow after, a Ibraniyawa 12:14 ya sa follow, alhali dioko ce a duka biyun. Juyin NKJV na 1982 ya mai da su pursue. Wanda ya ɗauki follow ɗin nan da ma'anarta ta yau zai koyar cewa salama tana gaba, mu dai mu bi ta a hankali. Nassi kuwa yana cewa a tashi a neme ta kamar mai bin bashi.

A Tsohon Alkawari kalmar Ibrananci ita ce radaf. Ita aka yi amfani da ita a Fitowa 14 ga Fir'auna da karusansa a bayan Isra'ilawa, da kuma a 1 Sama'ila 26:20 inda Dawuda ya kwatanta kansa da tsuntsun da ake farauta a kan duwatsu. Ita ce kuma a Zabura 23:6, inda alheri da jinƙai ke bin mai zabura. King James ya sa follow, juyin NLT ya sa pursue. Mutumin da ya san ɗacin fafara a hannun magabta yana cewa yanzu jinƙan Allah ne ke fafarar sa. In ka yi wa'azin wannan aya ga iyalin da tashin hankali ya raba da ƙauyensu, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Ga mai hidima

Almasihu ake bi, shi ke zaɓen hanya. Salama, adalci da ƙauna nace musu ake yi, domin ba sa zuwa su sami mutum a zaune. Fasto kuma jagora ne da ke gaba, ba makori ba. Wani ba ya ɗaga sanda, amma kora da hali ta watse masa garke.

Saboda haka, in ka haɗu da ɗaya daga cikin kalmomin nan a shirin wa'azi, kada ka tsaya ga juyi ɗaya. Ka duba na Turanci biyu ko uku, ka duba na Hausa, sa'an nan ka nemi kalmar asali. In kuwa tafinta za ka yi, ka zauna da baƙon kafin sujada, ka ji nassinsa da manyan kalmominsa.

Tambayoyi don tattaunawa

1. A Markus 14:54 Bitrus ya bi Yesu daga nesa, kuma akoloutheo ce aka yi amfani da ita. Me nisan ya rage wa bin?
2. Ka juya chase after, chase away da pursue zuwa Hausa, kowace cikin jimla ta kanka.
3. Wane mataki ikilisiyarku za ta ɗauka a wannan wata don neman salama da maƙwabtanta, ba jiran ta ba?