Kafin Ki Aika a Sayo wa Mai Keke Takalmi

Wata Talata da hantsi ina bakin aiki aka shigo mana da wani yaro ɗan shekara 12, an naɗe masa ƙafa da tsohon ɗankwali, jini ya riga ya rine shi. Da na kwance, sai na tarar farcen babban yatsa ya ɗage, fatar da ke ƙarƙashi ta tsage. Ya makara ne zuwa makaranta, ya miƙe tsaye a kan keke yana taka feda da ƙarfi, silifas ya zame, yatsa ya daki ƙasa. Mahaifiyarsa na gefe tana ta cewa tsautsayi ne. Ban musa mata ba. Amma da na ɗaga silifas ɗin na duba, ya fi ƙafar yaron da kusan yatsa biyu, ƙasansa ya suɗe sumul, hancin kuma da 'yar ƙusa aka tare shi.

Duk wadda ta san ƙasar Dambatta, Makoɗa, Kunci, Bichi da Tsanyawa ta san matsayin keke a gidajenmu. Ƙauyuka ne kusa da juna, gona na jingine da gona, amma sakandare ba kowane ƙauye ke da ita ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin acaɓa ya gagari mutane da yawa, tsofaffin Raleigh da Phoenix da aka jingine a zaure suka sake fitowa. Yaro zai hau zuwa boko da safe, ya kai abinci gona da rana, ya je Islamiyya da yamma. Muna damuwa da taya da birki, amma abin da ke tsakanin ƙafarsa da ƙarfen feda ba mu cika waiwayarsa ba.

Masu tseren keke na duniya kuwa, takalmi na cikin abin da suka fi kashe wa kuɗi. Nasu ƙasansa tauri gare shi kamar katako, ba ya lanƙwasuwa ko kaɗan, kuma akwai wani ɗan maƙale a ƙasa da ke kama feda ya riƙe. Kamfanin Look na Faransa ne ya yaɗa irin wannan feda a 1984, shekara guda bayan nan Bernard Hinault ya ci gasar Tour de France da ita. Irinsa ne 'yar Najeriya Ese Ukpeseraye ta sa a gasar Olamfik ta Paris a 2024. Ba shi nake so ki nema wa ɗanki ba. Ba a iya tafiyar kirki da shi a ƙasa, shi kuwa namu yaron sai ya sauka ya tura keke duk inda rairayi ya yi yawa a burtali. Sai dai abin da suke dubawa kafin su saya, mu ma shi ya kamata mu duba.

Na farko, kuma inda muka fi yin kuskure, shi ne awo. Na san dalilin da ya sa muke cewa “a sayo mai ɗan girma, zai girma a ciki.” Kuɗi ne, ni ma uwa ce. Amma takalmin da ya yi wa yaro yawa, a ƙasa ja kawai zai riƙa yi, a kan feda kuwa ƙafa ce za ta riƙa yawo a ciki, dunduniya na fita tana komawa, har ranar da zai zame gaba ɗaya. Wanda ya matse shi ma da tasa matsalar: yatsu su yi sanyi su mutu, farce ya shige nama, bororo ya fito a bayan dunduniya. Abin da ake so, tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmi a samu fili kamar faɗin babban yatsan hannunki, dunduniya kuma ta zauna daram.

Yawancinmu ba mu muke zuwa kasuwa ba. Maigida ne zai je Dambatta ran kasuwa, ko a ba wani mai shiga birni sautu daga Ƙofar Wambai ko Sabon Gari. A nan ake karya tsinken tsintsiya ko a yanki zare a ce ga awo. Tsinke tsawo kaɗai yake faɗa, bai san faɗi ba, alhali yaran da suka taso suna yawo ba takalmi ƙafarsu na da faɗi a gaba. Ki samu kwali, ki tsayar da yaron a kai, a tsaye ba a zaune ba, ki zagaye ƙafar da biro, ki yanke. Ki yi da yamma, domin ƙafa takan ɗan kumbura bayan zirga-zirgar yini. Ki auna duka biyun, sau da yawa ɗaya ta ɗara ɗaya, sai a bi babbar. Mai sayowa ya zura kwalin a cikin takalmin: idan gefensa ya naɗe, ya yi kaɗan. Lambar da ke jikin takalmi kada ta ruɗe ki, musamman na gwanjo, don lambar Ingila daban, ta Amurka daban, ta sauran Turai daban.

Sai taurin ƙasan. Feda ƙaramin wuri ce, kuma duk nauyin yaro a kanta yake sauka. In ƙasan takalmi laushi gare shi kamar na silifas ɗin wanka, tafin ƙafa ne zai riƙa lanƙwasa a kan ƙarfe, shi ya sa wasu yaran ke dawowa suna cewa tafin ƙafarsu na zafi kamar an sa barkono. Gwajin ba wuya: a riƙe gaba da baya a lanƙwasa. Nagari daidai gindin yatsu kaɗai zai ba da kai. Wanda ya ninke biyu a tsakiya, ko ya murɗe kamar ana matse wanki, a ajiye shi. A kuma juya shi a duba, ƙasan ya kasance da zane mai kama abu, ba santsi ba.

Ki leƙa keken ma da kanki yau da yamma. Kekuna da yawa robar fedarsu ta zube, saura sandar ƙarfe tsirara, ta sha taki har tana ƙyalli. Babu takalmin da zai zauna lafiya a kan wannan. Sabuwar feda wajen mai gyaran keke ba ta kai kuɗin takalmi ba, balle kuɗin ɗinki da allura.

Nauyi ba abin dogon magana ba ne. Masu tsere na lissafin giram, mu dai kada a ɗora wa yaro ƙaton but na gwanjo ya hana shi jin feda, ya kuma dafa masa ƙafa a watan Afrilu. Kambas mai shan iska, ko sandal mai rufaffen gaba da maɗaurin baya, ya wadatar.

Maɗaurin bayan nan kuwa kada a raina shi, don shi ya kawo ni ga raunin da na fi tsoro. Ba mai tuƙi yake samu ba, ƙaninsa ne ko ƙanwarsa da aka goya a kariya. Ƙafa na reto, silifas ya karkace, dunduniya ta faɗa cikin wayoyin ƙafar keke tana juyawa. Mugun halin wannan ciwo shi ne ranar farko kamar ƙujewa ce kawai, sai bayan kwana biyu ko uku fatar ta yi baƙi ta mutu, domin an murje ta ne, ba yanka ba. Wani lokaci har agara ta taɓu, ko ƙashi ya tsage. Yaron da za a goya a sa masa takalmi mai rufe dunduniya, a kuma yi masa wurin ɗora ƙafa. Masu gyara sun iya ɗaure katako ko roba ta rufe gefen tayar baya. 'Yan matanmu masu hawa keke su ma su tattara hijabi da zani, igiyar kambas kuma a cusa ta ciki kada sarƙa ta kama.

In an yi rashin sa'a, ki wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, ki danne da tsumma mai tsabta, a kawo shi asibiti a ranar. Ban da toka, ban da baƙin mai, ban da ƙasa ko kashin shanu. Ƙwayar tetanus, ciwon nan mai sandarar da jiki ya sarƙe haƙora, a cikin ƙasa da taki take zaune, hanyoyinmu kuwa duk shekara ana jigilar taki a kansu zuwa gona. Ki taho da katin rigakafinsa. Alluran da aka yi masa yana mako 6, 10 da 14 suna da kariyar tetanus a ciki, amma ƙarfinsu na raguwa da shekaru, ma'aikacin lafiya zai duba ko yana buƙatar ƙari. Maigida mai ciwon suga da ke hawa keke, shi kam a duba masa ƙafa kowane dare, don zai iya jin rauni bai sani ba.

Ƙarko kuma yanayinmu ne ke yanke hukunci. Hunturu na busar da roba ta tsage, laka da ruwan damina na kwance gam, tsidau da ƙaya na huda ƙasa mai laushi. Takalmin da aka liƙa da gam kawai, kafin a fara sawa a kai wa shumeka ya zagaye shi da ɗinki tun yana sabo, ya fi a jira ya buɗe baki. In ya jiƙe a shanya a inuwa, kada a kanga shi a bakin murhu. Idan kuma kika ga ƙasan ƙafa ɗaya ya cinye ɗayan na nan lafiya, kada ki zagi mai kanti. Birki ne babu, yaron da takalmi yake danne taya.

Yaron nan na ranar Talata ya dawo wankin ciwo sau huɗu, ya rasa makaranta kusan mako biyu ana dab da jarrabawa. Zuwansa na ƙarshe mahaifiyarsa ta zaro wani kwali daga jaka ta nuna mini, ga zanen ƙafafu biyu, ta ce babansa zai shiga birni ranar Asabar.