Ciwon da Ba a Zuwa Dubiyarsa

A watan Nuwamba na 1995, Gimbiya Diana ta zauna gaban kyamarar BBC ta faɗi abin da gidan sarautar Ingila bai saba jin an faɗa a bainar jama'a ba: ta shafe shekaru tana fama da bulimiya. Takan cika cikinta da abinci sau huɗu ko biyar a yini, in ji ta, ta ji sanyi a ranta na ɗan lokaci, can sai ƙyamar kanta ta taso, ta je ta amayar da komai. Na kusa da ita sun san halin da take ciki, amma abin da take samu daga wasunsu shi ne habaici a kan ɓarnar abinci.

Na san yadda za mu faɗi wannan habaicin a nan gida. Za a ce ƙoshi ne ya yi mata yawa, alhali wasu na fafutukar abin sawa a bakin salati. In yarinya ce ta ƙi cin tuwo, a ce taurin kai ne, ko a ce iska ne ya shafe ta, a nemo mai ruƙiyya.

Likitoci kuwa sun daɗe da sanin ciwo ne. Tun a 1873 William Gull ya raɗa wa nau'in da mutum ke ƙaurace wa abinci har ya ƙanjame suna anoreksiya, sai a 1979 Gerald Russell ya fayyace bulimiya a Landan. Akwai na uku, wanda mutum kan yi ta ɗura abinci a ɓoye ya kasa tsayawa, ba tare da amai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 14 ne ke ɗauke da irin waɗannan cututtuka, kusan miliyan 3 daga cikinsu yara ne da matasa. Maza ma suna ciki, ko da yake sun fi mata nauyin baki.

Waɗanda suka warke kusan bakinsu ɗaya a kan wani abu: ba son abinci suka daina ba. Mai anoreksiya ba ta da tunanin da ya wuce abinci daga asuba har dare. Tana ƙirga loma, tana girka wa mutanen gida ta zuba musu ido suna ci, ta ce ita ta ci a madafa. Wani gwaji da Ancel Keys ya yi a Jami'ar Minnesota a 1944 zuwa 1945 ya haska dalili. Lafiyayyun samari 36 aka rage wa abinci kusan rabi na tsawon wata shida. Sai ga su suna tara littattafan girki, suna jan loma ɗaya tsawon lokaci, ga saurin fushi, ga gudun mutane. Da aka sake musu mara, wasu suka yi ta ci ba ƙaƙƙautawa. Ashe yawancin abin da iyaye ke ɗauka baƙin halin 'yarsu ne, aikin yunwa ne a ƙwaƙwalwa.

Jiki ma yana biyan nasa bashin. Al'ada takan ɗauke, ƙashi ya yi rauni, bugun zuciya ya ragu, mutum ya riƙa jin sanyi ana tsakiyar zafin bazara. Yawan amai kan cinye haƙora, ya kuma zubar da sinadarin fotasiyam wanda zuciya ke dogara da shi. Mawaƙiyar Amurka Karen Carpenter, wadda ta yi fama da anoreksiya, zuciyarta ce ta tsaya a 1983, tana da shekara 32. Mai bulimiya kuwa sau da yawa jikinta daidai yake a ido, shi ya sa sai ta yi shekaru ba wanda ya lura.

Mai cewa ciwon Turawa ne ya dubi tsibirin Fiji, inda ake yabon mace mai jiki kamar yadda muke yi. A 1995 talabijin ya shiga yankin Nadroga. Bayan shekara uku, binciken Anne Becker ya samu kusan ɗaya cikin goma na 'yan matan makarantar da aka tambaya suna jawo amai don rage ƙiba, abin da ba a samu ko ɗaya ba a farko. Mu a yau wayar hannu ce a ɗakin kowace budurwa, kuma ta kowane ɓangare ana jan ta: ga masu tallar shayin rage tumbi, ga masu tallar sha-ka-fashe gabanin biki. Ciwon ma yana da wurin fakewa mai kyau a wurinmu, wato azumin nafila. Ba na zargin mai ibada, amma uwar da ta ga 'yarta na jera azumi tana kuma kauce wa buɗa-baki, ya kamata ta sa ido. Shari'a da kanta ta ɗauke wa marar lafiya azumi.

Warkewa ta fi rashin lafiyar wuya, haka masu ita ke faɗa. Ba a jiran sai rai ya so kafin a ci. Ana fara ci ne cikin kuka da tsoro, a kan ƙa'idar lokaci, sai daga baya tunani ya dawo hayyacinsa. A asibitin Maudsley da ke Landan aka ɓullo da hanyar da ake ɗora wa iyaye alhakin ciyar da matashiya, su zauna da ita har ta gama, ba faɗa ba gori. Sai dai wadda ta daɗe ba ta ci, haɗari ne a ɗura mata abinci farat ɗaya, domin sinadaran jini kan rikice har zuciya ta tsaya. Wannan aikin likita ne, kuma muna da asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Dawanau ta Kano, da Maiduguri.

Wani tarkon kuma a bakinmu yake. Idan yarinya ta fara murmurewa, gwaggo za ta shigo da fara'a ta ce, "Kai, masha Allah, kin yi ƙiba!" Ita da zuciya ɗaya ta faɗa, amma wannan yabon kan iya mayar da yarinya baya wata da watanni. Gara tun kafin baƙi su zo a ja su gefe a ce su gaishe ta, su tambaye ta karatu ko sana'a, su bar zancen jikinta da abin da ke cikin kwanonta.