Kiwon Lafiya Safe Da Yamma

Idan Bahaushe ya gamu da ɗan'uwansa da safe, abin da zai fara ce masa shi ne, "Ina kwana?" In kuwa da maraice ne sai ya ce, "Ina wuni?" Amsar duka biyun ɗaya ce, watau "Lafiya lau." Ba a zancen kasuwa ko na gona sai an tambayi lafiya tukuna, gama lafiya ita ce uwar jiki. Amma lafiyar nan kiwonta ake yi, kamar yadda makiyayi ke kiwon dabbarsa, ya kora ta da safe, ya dawo da ita garke da yamma. Ayyukan da ke tsare ta ƙanana ne, yawancinsu ba su cin kuɗi, kuma a lokatai biyu aka fi yin su: sa'ad da mutum ya tashi daga barci, da sa'ad da yake shirin kwanciya.

Ayyukan Safe

Yaro mai hankali yakan tashi da asuba, a kan lokaci guda kullum. Jikin ɗan Adam yana da wani irin agogo a cikinsa, hasken safiya ne ke daidaita shi. Wanda ya saba tashi da wuri, barci yakan zo masa da wuri. Da ya tashi sai ya buɗe taga iska ta shiga, ya kakkaɓe shimfiɗarsa, loto-loto kuma ya shanya ta a rana, domin ƙuma da kuɗin cizo ba su son rana.

In ya fito daga bayan gida, aikinsa na farko shi ne wanke hannu. Akwai waɗansu ƙwayoyin cuta ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Su ne ke kawo gudawa, da kwalara, da zazzaɓin taifot. Sukan manne a hannu, daga hannu su shiga abinci, daga abinci su faɗa ciki. Ruwa kaɗai ba ya raba su da fata sosai, sai an haɗa da sabulu. A cuɗa tafin hannu da bayansa, da tsakanin yatsu, da ƙarƙashin farce, na tsawon sakan 20, watau misalin lokacin da mutum zai ƙirga daga 1 zuwa 20 a hankali. Sa'an nan a ɗauraye da ruwan buta. Inda babu sabulu, toka ta fi babu. Kada jama'a su taru su tsoma hannu cikin ƙwarya ɗaya, gama na ƙarshe daudar na farko zai kwasa.

A dā ko likitoci ba su san muhimmancin wannan ba. A shekarar 1847, a birnin Biyana ta ƙasar Ostiriya, akwai wani likita mai suna Semelwais, yana aiki a ɗakin haihuwa na wani babban asibiti. Ya ga mata suna ta mutuwa da zazzaɓi bayan haihuwa, har a wata guda aka rasa misalin 18 cikin kowane 100. Sai ya kafa doka, kowane likita ya wanke hannunsa da ruwan magani kafin ya taɓa mai haihuwa. Ba a daɗe ba mutuwar ta sauko zuwa misalin 2 cikin 100. Ashe ceton rayukan nan yana cikin kwanon wanke hannu.

Bayan hannu sai fuska. Kwantsar da ke kwana a ido, da majinar da ke bushewa a hanci, su ne abincin ƙuda. Ƙuda kuwa yakan tashi daga idon mai ciwo ya sauka a na mai lafiya, ta haka yake yaɗa amodari, ciwon da in ya daɗe ba a yi magani ba yakan makantar da mutum. Saboda haka a wanke fuska tas, a wanke wa ƙanne tasu, kowa kuma ya riƙe tsumman goge fuskarsa shi kaɗai.

Haƙora ma suna da hakkinsu. Haƙoran yarinta 20 ne, sukan fara faɗuwa in yaro ya kai shekara 6. Waɗanda ke maye gurbinsu, in sun cika, 32 ne, su kuwa ba su da magaji, wanda ya faɗi ya tafi ke nan. Sai a goge su da asawaki ko buroshi, sama da ƙasa, ciki da waje, har misalin minti 2. Man goge baki mai sinadarin fuloraid yana ƙara musu ƙarfi.

Daga nan sai wanka. Lokacin hunturu yara da yawa sukan guje wa ruwa, har ƙaushi ya rufe musu ƙafa, faso ya tsaga dunduniya. Maganin wannan shi ne a ɗumama ruwa, a yi wanka, a shafa man kaɗanya. Wankan kududdufi kuwa abin gudu ne, domin a irin ruwan nan akwai ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsutsar tsargiya, wadda ke huda fata ta shiga jiki, ta sa fitsarin jini. In an gama shiri a sa takalmi, gama akwai wata tsutsar ciki da ke shiga ta tafin ƙafa, ta riƙa shan jinin mutum.

Kada yaro ya tafi makaranta bai karya kumallo ba. Tun tuwon dare cikinsa ya yi awa 10 ko fiye babu kome, mai jin yunwa kuwa ba ya riƙe karatu. Koko da ƙosai sun isa, ko kunun gyaɗa, ko ɗumame. Amma ɗumame sai an dafa shi ya yi zafi har tsakiya. Ruwan sha kuma ya zama mai tsabta. In ana shakkarsa a tace shi, a tafasa, a zuba a randa mai murfi, a ɗiba da moɗa guda wadda ba a sha da ita. Kula da ruwa ya riga ya nuna amfaninsa. A shekarar 1988 an ƙirga mutum fiye da 600,000 masu ciwon kurkunu a Nijeriya. Kurkunu ba shi da allurar rigakafi. Da tace ruwa, da haƙa rijiyoyi, da hana masu ciwon shiga tafki aka yaƙe shi, har a shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijeriya da Nijar sun rabu da shi.

Kafin ya fita, yaro yakan je ya durƙusa ya gai da iyayensa. Wannan ladabi ne, kuma kiwon lafiya ne. A wurin gaisuwar ce uwa takan lura da idon ɗanta ya yi ja, ko jikinsa da zafi, a nemi magani tun ciwon bai yi nisa ba.

Ayyukan Yamma

Da rana ta yi sanyi, an dawo daga wasa ko daga gona, sai a sake wanke jiki, a raba shi da gumi da ƙura. A duba ƙafa ko ƙaya ta soke ta. In akwai rauni a wanke shi da sabulu a rufe, kada ƙaramin ƙurji ya zama gyambo. Kana a wanke hannu, a ci tuwon dare da wuri, domin ciki ya sami sarari kafin a kwanta. Abin da ya ragu a rufe shi, kwanuka a wanke su, kada ɓera da kyankyaso su sami walima.

Goge haƙora na dare ya fi na safe muhimmanci. Yawu shi ne ke wanke baki da rana, in mutum ya yi barci kuwa yawun yakan ragu. Sai ƙwayoyin cuta su sami ragowar abinci, musamman mai zaƙi, su mai da shi tsami, tsamin ya riƙa cin haƙori har ya yi kogo.

Babban maƙiyin dare shi ne sauro. A shekarar 1897, a ƙasar Indiya, wani likita Bature mai suna Ronal Ros ya feɗe sauro, ya ga ƙwayar zazzaɓin maleriya a cikinsa. Tun daga nan aka gane hanyar ciwon. Macen sauro ce ke cizo, ta sha jinin mai zazzaɓi, bayan kwanaki ta ciji mai lafiya ta zuba masa. Irin da ke kawo maleriya ya fi cizo daga magariba zuwa asuba. A shekarar 2022 ciwon nan ya kashe mutum fiye da 600,000 a duniya, yawancinsu ƙananan yara ne a Afirka. Saboda haka kowa ya kwana cikin gidan sauro mai magani, ya cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma, in ya yage a ɗinke. Sauro a ruwan da ya kwanta yake ƙwai, cikin kwana 10 ko mako 2 'ya'yan su yi fiffike. Don haka a cike ramukan tsakar gida, a kife gwangwani da fasasshen tulu.

Akwai kuma wani haɗari na lokacin ɗari. Waɗansu sukan shiga ɗaki da kaskon garwashi, su rufe ƙofa da taga. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba, ba ta da launi, ba ta da wari, takan kashe mutum yana cikin barci. Hayaƙin janareto ma haka yake. Dole a fitar da wuta kafin a kwanta, janareto kuwa a ajiye shi a fili, nesa da taga.

Daga ƙarshe sai barci. Yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12. A cikin barci mai nauyi jiki ke fitar da sinadarin da ke sa girma, a cikinsa kuma ƙwaƙwalwa ke adana karatun da aka koya da rana. Wanda zai tashi ƙarfe 6 na safe, ya kamata ƙarfe 9 na dare ta same shi a kwance. Hasken waya da na talabijin yakan kori barci, sai a kashe su tun da sauran lokaci. Hira da kaka, ko tatsuniya, ko shirya littattafan gobe, sun fi kwantar da zuciya. In kuwa an yi faɗa da ɗan'uwa da rana, a shirya kafin a yi sai da safe, gama mai fushi ba ya jin daɗin barci.

Ko ɗaya cikin ayyukan nan ba ya amfani in rana ɗaya aka yi shi aka bari. Ƙarfinsu yana cikin maimaitawa, yau da gobe, har su zama jiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya saba da su tun yana ƙarami, shi ne in an ce masa "Ina kwana?" zai amsa "Lafiya lau," maganarsa kuma ta zama gaskiya.

Tambayoyi

1. Me ya sa ba a so jama'a su wanke hannu cikin ƙwarya ɗaya?
2. Da waɗanne hanyoyi aka yaƙi kurkunu?
3. Don me goge haƙora na dare ya fi na safe muhimmanci?
4. Yaron da zai tashi ƙarfe 6 na safe, ƙarfe nawa ya kamata ya kwanta?